Zuwa kallon makaɗan abokinka a babban fatin cikin gida

Gida ba zauren wasa ba ne. Ka riƙe wannan tun ranar da abokinka ya ce maka ƙungiyarsu za ta yi kiɗa a wani babban fati, a falon wani ko a harabar gidansa. Zauren da aka gina don wasa yana da dandamali da mai kula da sauti, an yi ƙofofinsa daidai da yawan jama'ar da zai ɗauka, wutar lantarkinsa kuma an ja ta ne don kayan kiɗa. A gida babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa abokin makaɗi, ko ya so ko ya ƙi, ba ɗan kallo ba ne zalla. Shi ne ɗan dako, shi ne kunnen ƙungiyar a tsakiyar jama'a, wani lokacin ma shi ne mai hana a taka wayoyin da ke ƙasa.

Kafin ranar

Kada ka tambayi ƙarfe nawa za a fara fati. Ka tambayi ƙarfe nawa su za su fara, kuma su ne na nawa idan ƙungiyoyin sun fi ɗaya. A irin wannan wuri wasan ƙungiya ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, wato waƙa takwas zuwa goma, don haka makarar rabin awa ta isa ka tarar ana naɗe waya. Yawanci lokacin yakan ja baya, amma idan maƙwabta suka fara ƙorafi mai gida yakan ce a yi a gama, sai a fara kafin lokacin da aka faɗa maka.

Ka kuma ji ko an yarda ka zo da wani. Gayyatar abokinka daban, ta mai gida daban. Idan makaɗa biyar kowannensu ya kira mutum goma, kowane ɗaya kuma ya jawo nasa abokin, an tara mutum ɗari da mai gida bai san da zuwansu ba.

A aljihu ka sa matoshin kunne, ƙaramar tocila, da salatif mai faɗi irin na yadi wanda ake yagawa da hannu. Idan kana son mai jita ya daɗe yana gode maka, ƙara da batir mai bolt 9, domin da shi ƙananan na'urorin sauya sauti da yake takawa da ƙafa suke aiki, kuma ba ya mutuwa sai ana tsakiyar wasa. Takalmi rufaffe ya fi, saboda za a taka ka.

Kafa kaya

Idan za ka taimaka, ka iso awa ɗaya da rabi kafin lokacinsu. Ganguna ake fara kafawa, don su ne masu cin wuri, kusan mita biyu a faɗi da mita biyu a tsawo idan an haɗa da kujerar makaɗin. Lallai a shimfiɗa darduma a ƙarƙashinsu. A kan tayil ko katako mai santsi babbar gangar ƙafa takan riƙa gudu gaba da kowane bugu, kafin waƙa ta uku makaɗin yana miƙa ƙafa yana bin ta.

Ƙungiyar ta juya wa bango baya, ta fuskanci tsawon ɗakin, kuma kada a kafa ta a bakin ƙofar fita ko a hanyar banɗaki. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, sai dare ya ƙare mutane na ratsawa tsakanin mawaƙi da makirfonsa.

Lasifikokin murya su tsaya a gaban makirfo, suna kallon jama'a, a ɗage a kan sanda har su wuce kan mutane, kimanin mita biyu daga ƙasa. Dalili biyu ne. Jikin mutum yana shanye sauti mai kaifi, wanda shi ke sa a rarrabe kalmomi, don haka lasifikar da ke daidai ƙirji sahun gaba kaɗai take yi wa amfani. Na biyu, idan makirfo ya shiga gaban lasifika, yakan ɗauki sautin da ta fitar ya mayar mata, ita kuma ta ƙara masa ƙarfi ta sake fitarwa, har a ji ƙarar nan mai tsini da ke soke kunne. Makirfon da aka fi amfani da shi a wasa, irin su Shure SM58, an ƙera shi ne ya ji abin da ke gabansa ya yi watsi da na bayansa. Mawaƙin da ya dunƙule hannu a kan ragar makirfon ya toshe ramukan da ke yin wannan aikin, sai makirfon ya koma jin ko'ina, lasifika ta fara kuka. Idan ka ga abokinka na yin haka, nuna masa ya saukar da hannunsa ƙasa da ragar.

Duk wayar da ta ratsa inda ake wucewa a manne ta da salatif. Sannan a ja layi a ƙasa, kamar mita ɗaya daga sandar makirfo, ya zama iyakar masu rawa. Wanda ya ture sandar nan, haƙorin mawaƙi makirfon zai samu.

Wutar lantarki

A nan yawancin wasannin gida suke mutuwa, kuma ba kayan kiɗan ne ke jawowa ba. Lissafin ba wuya: bolt sau amfiya shi ne wat. Inda wuta take bolt 230, wayar ƙari mai fis na amfiya 13 tana ɗaukar kusan wat 3,000. Inda take bolt 120, layi mai amfiya 15 yana ɗaukar wat 1,800. Kayan ƙaramar ƙungiya, wato amfilifaya (na'urar ƙara wa jita ƙarfin sauti) biyu ko uku, miksa (na'urar haɗa sautuka da daidaita su) da lasifika biyu, galibi ba su kai wat 1,500 ba. Matsalar ita ce butar dafa ruwa ta lantarki ita kaɗai tana cin wat 1,500 zuwa 3,000. Wani ya kunna ta a kicin, a kan layi ɗaya da falo, sai kawai a ji shiru da duhu ana tsakiyar amshi.

Saboda haka tun da rana a nemi mai gida ya nuna akwatin wutar gidan, a san makunnin da ke riƙe da falon, a san abin da ke kan layin. Firiji, na'urar sanyaya ɗaki, hita, duk su koma wani layi idan da hali. Firiji yana da wani halin kuma, duk lokacin da injinsa ya tashi sai a ji "ƙas" a lasifika.

Kayan sauti duka su sha daga tushe ɗaya. Idan miksa na soket ɗin wannan bango, amfilifaya na wancan, akan sami wani gurnani mara yankewa a lasifika, saboda wuta ta sami hanyoyi biyu zuwa ƙasa. Akwai masu maganin gurnanin ta hanyar karya ƙafar filogi ta uku, wadda ke kai wuta ƙasa. Kada ka bari a yi haka a gabanka. Wannan ƙafar ce ke tsakanin abokinka da mutuwa ranar da amfilifaya ya sami matsala, yana riƙe da tsirkiyar ƙarfe, leɓensa kuma na taɓa makirfo. Idan mawaƙi ya ce makirfo na ɗan jan leɓensa, a tsaya nan take a nemo dalili, ba a ɗaura masa safa a ci gaba ba.

Wayar ƙari mai naɗi a kan faranti a warware ta gaba ɗaya ko da mita uku ake buƙata, don a naɗe zafi ke taruwa a cikinta har robar ta narke. Kada a jona wayar ƙari a kan wata wayar ƙari. Idan a waje ake wasan, inda akwai raɓa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa, a sa na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa. Idan kuma da janareta ake aiki, ya zauna a fili, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, domin iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi.

Wajen kunnawa, miksa da farko, lasifika da amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa a juya tsarin. In ba haka ba, bugun da miksa ke yi lokacin tashi zai iya yaga fatar lasifika.

Gwajin sauti

Makaɗa ba sa jin abin da jama'a ke ji, don suna bayan lasifika. A nan ne amfaninka yake. Ka tsaya a tsakiyar ɗaki su buga rabin waƙa mafi ƙarfi a cikin jerinsu, ba mai sanyi ba. Tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: ina gane kalmomin da mawaƙi ke faɗa? Idan ba ka ganewa, kada a ƙara wa murya ƙarfi, lasifika za ta yi kuka. A rage sauran.

A ɗaki, ganguna ne ma'auni, tun da ba su da makunnin ragewa, kuma ba sa buƙatar makirfo ko kaɗan. Idan sun rufe kowa, a sa filo a cikin babbar gangar ƙafa, a manna ɗan ƙyalle a gefen fatar ƙaramar gangar mai kaifi, makaɗin ya ɗauki sanduna marasa nauyi. Faya-fayen tagulla su ne mafi cutarwa a ƙaramin wuri, sai an lallaɓa makaɗin ya sassauta musu hannu.

Mai jita kuwa labarinsa ɗaya ne a ko'ina. Ya ajiye amfilifayarsa a ƙasa tana kallon ƙwaurinsa, sautin mai kaifi ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa ya tafi fuskar sahun gaba, shi kuma ya ce ba ya jin kansa, ya ƙara murɗawa. Ɗora amfilifayar a kan kujera, ko a jingine ta baya ta kalli kunnensa, da kansa zai rage.

Ka sani ɗakin da babu kowa yana da amsa-kuwwa da kaifi, idan ya cika sai ya dushe. Don haka gwajin farko share fage ne kawai, gyaran gaske a waƙar farko ake yin sa. Ku yi yarjejeniyar alamu tun da wuri: ka nuna mutum, ka nuna sama ko ƙasa. Kuma mutum ɗaya ne zai riƙa ba da alamar. Idan abokai uku na ɗaga hannu, sai a rasa na wa za a bi.

Kunnenka, da inda za ka tsaya

Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma ganguna a cikin falo suna haura desibel 100 ba tare da wahala ba. Ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ya ce kunne na jure desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren wasa, inda ta sa iyakar matsakaicin ƙara a desibel 100 cikin kowane minti 15. A fatin gida babu mai aunawa. Gwaji mai sauƙi shi ne, idan sai ka ɗaga murya sosai kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, an wuce 85.

Ƙugin da kake ji a kunne bayan an tashi alama ce ta wahalar da ƙwayoyin ji na cikin kunne suka sha. Kimanin 16,000 ne a kowane kunne, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Matoshin soso yana aiki idan an sa shi daidai: a murza shi ya zama siriri, a ja kunnen sama da baya da ɗaya hannun, a tura, a riƙe na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. Aibinsa shi ne yana dusashe kiɗa. Akwai na makaɗa, masu rage desibel 15 zuwa 20 daidai-wa-daida ba tare da ɓata sautin ba, kuma ga mai yawan zuwa wasa sun cancanci kuɗinsu. Auduga da takardar goge hannu ba sa tsinana komai.

A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka daga lasifika ƙara na raguwa da desibel 6. A ɗaki ragin bai kai haka ba, don bango na dawo da sauti. Inda kiɗa ya fi daɗi shi ne tsakiya, tsakanin lasifikokin biyu, ɗan baya da rabin ɗakin. Jikin bango da kusurwa nan ne sauti mai kauri ke taruwa ya zama gurnani.

Sai dai a waƙar farko ba can ne wurinka ba. Mutane sukan noƙe su bar fili tsakaninsu da makaɗa, kowa na jiran wani ya fara, kuma babu abin da ke kashe jikin ƙungiya kamar wannan filin. Sa matoshinka, ja mutum biyu, ku cike gurbin. Idan ɗaki ya ɗauka, ka koma tsakiya.

Cunkoso, zafi da wuta

Ɗauki falo mai mita biyar da shida, murabba'in mita 30 ke nan. Makaɗa da kayansu da kujerun da aka tura gefe za su ci kusan goma, saura 20. Mutum biyu a kowane murabba'i shi ne walwala, wato mutum 40. A huɗu, wato 80, an matse. Abin da ya wuce biyar hatsari ne. Alamar ita ce ka kasa ɗaga hannunka zuwa fuska, ko ka ji jama'a na tafiya da kai ba da nufinka ba. Idan an kai nan, ka fita ta gefe, ka gaya wa mai gida a tsaida shiga.

Kowane mutum na fitar da zafin kusan wat 100 yana zaune, mai rawa ya fi haka. Mutum 60 sun kai hita uku masu wat 2,000 a kunne a ɗaki ɗaya. Shi ke sa tsirkiyar jita ta saki, ƙasa ta yi santsi, wani ya yanke jiki ya faɗi. A sa fanka, a ajiye ruwan sha inda hannu ke kaiwa, amma nesa da kayan wuta.

Idan a bene ne, a yi hattara sosai. Daɓen gidan zama akan gina shi ne ya ɗauki kilo 150 zuwa 200 a kowane murabba'in mita. Manya huɗu masu kilo 70 sun kai 280 suna tsaye, ballantana suna tsalle a kan bugu ɗaya. Baranda ta fi komai hatsari. Idan ka ji daɓe na lilo a ƙarƙashinka, a dakatar da kiɗan.

Da shigarka, ka nemi hanyar fita ta biyu, ka tabbatar ba a kulle take ba. Babu kyandir, babu wasan tartsatsi, kuma kada a manna soson katifa a bango da sunan rage ƙara. A watan Fabrairun 2003, a gidan rawa na The Station da ke jihar Rhode Island ta Amurka, tartsatsi ya kama irin wannan soson, mutum 100 suka rasu. A Disamban 2016 kuma, a birnin Oakland na jihar California, gobara ta kashe mutum 36 a wajen wasa a wani tsohon sito da aka mayar wurin zama, inda matakalar da aka harhaɗa da katako ce babbar hanyar saukowa.

Maƙwabta

Abin da maƙwabci ke ji ba murya ba ce, dukan bas ne, wato jita mai kaurin sauti, da gangar ƙafa. Tsirkiya mafi kauri a jitar bas mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, tsawon igiyar sautinta ya kai mita takwas, labule da soso ba sa tare ta, ta cikin bango da daɓe take bi. Idan an ƙwanƙwasa ƙofa, bas ɗin za a rage, a ɗaga amfilifayarsa daga ƙasa, a janye ta daga kusurwa. Tagogin da ke kallon maƙwabta a rufe su lokacin wasa, a buɗe a hutu iska ta shiga. A garuruwa da yawa dokar hana hayaniya na fara aiki daga ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare, don haka ƙungiyar da ta san kanta takan nemi ta yi nata da wuri. Magana da maƙwabci ko jami'in tsaro kuwa aikin mai gida ne, kada ka sa baki.

Lokacin da ake wasa

Kada ka ɗora kofi a kan amfilifaya, kuma ka ɗauke na wanda ya ɗora. Kada ka taɓa kayan kiɗan kowa. Kada ka yi ta kiran sunan waƙar wasu, sun tsara jerinsu tun daga gida. Idan tsirkiya ta tsinke ko wuta ta ɗauke, ku riƙe ɗakin da tafi da amshi na minti biyu, kafin jama'a su watse zuwa kicin, don wanda ya fita ba lallai ya dawo ba.

Bidiyo, waƙa ɗaya ko biyu cikakku sun fi guntaye ashirin amfani ga ƙungiyar. Tsaya a tsakiya, nesa da lasifika, domin makirfon waya na shaƙewa idan ƙara ta yi yawa, sai sautin ya fito a farfashe. Riƙe wayar a kwance, ka jingina gwiwar hannu a jikinka, ka kashe fitilarta, kuma kada ka yi waƙa kusa da ita, muryarka kaɗai za a ji. Tura wa abokinka tukuna kafin ka sa a intanet. Gidan mutum ne, da fuskokin baƙinsa a ciki.

Bayan an gama

Ba su minti goma su kwashe kaya, musamman idan wata ƙungiya na jira. Ba lokacin hira ba ne. Amfilifaya mai kwalabe a ciki a bar ta ta huce kafin a ɗaga. Waya kuma ba a naɗe ta a gwiwar hannu, yin haka na murɗe zaren cikinta har ya tsinke. Idan ba ka iya naɗin makaɗa ba, ɗauki sanduna da akwatuna ka bar musu wayar. Mutum ɗaya ya tsaya a mota yayin da ake lodi, don a wannan zirga-zirgar ce jita ke yin ƙafa.

Idan abokinka ya tambaye ka yaya ka gani, ambaci abu takamaimai, waƙa kaza ko wurin da jama'a suka karɓi amshi. Gyara ya jira gobe, sai dai wanda ya shafi sauti ka rubuta shi a waya tun kana tunawa.

Kafin mota ta tashi, zagaya wurin da tocila, ka leƙa bayan kujeru da kowane soket. Abubuwan da aka fi bari su ne adaftar fiyano, makullin ɗaure fatar ganga, da dardumar ƙarƙashin ganguna, wadda kowa ke ɗauka ta mai gida ce.